Shukar Baya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka gaida mini uwargida da kyau, ko da yake ba ta san ni ba.

Na san sai ka yi tunani kafin ka gane mai rubutun nan. Kakarka ta wajen uwa da kakana na wajen uba ciki ɗaya suka fito. Ni ce yarinyar da aka zo da ita gidanku shekarar da aka sake rufin ɗakin tsohuwa, na yini ina kuka don an bar mini takalmi ɗaya a mota. Kai ka ɗauke ni ka kai ni bakin ramin tururuwa, muka yi ta kallonsu har na yi shiru. Yanzu shekarata arba'in da ɗaya. Direban da ke kwasar auduga a nan ya ce ya san inda kake aiki, wai wajen binciken gona, shi ne na ba shi wannan.

Lafiyata lau. Maigida ne babu lafiya. Wata biyu ke nan ya faɗi a ƙofar ɗakin ajiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce hawan jini ne. Yana ci, yana gane mutane, amma magana ta tafi, sai kalma ɗaya: “to”. Shekara ashirin da biyu ina neman ya ce mini “to” a kan abu, yanzu ita kaɗai ya iya. 'Ya'yanmu biyu mata sun zo sun yi sati, sun koma gidajensu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Muna da gonar auduga. Noma na iya, cira na iya, amma ranar shuka shi yake yanke ta. Yakan fita ya tona ƙasa da yatsa, ya dubi sama, ya dawo ya ce gobe ne. Ban taɓa tambayarsa abin da yake dubawa ba. Irin da ya tanada yana nan jingine bayan ƙofa. Wansa ya ce in bar masa gonar bana ya sa masara, wai auduga ta fi ƙarfin mace ita kaɗai. Na san idan masararsa ta shiga gonar nan ba za ta fita ba.

Bara ƙwari sun dame mu, masu sa ganye ya nannaɗe ya yi danƙo. Yaushe zan shuka don in tsere musu? Iyakar tambayata ke nan.

Ƙanwarka.

*

Wa alaikumus salam Ƙanwata,

Takardarki ta iso. Na gane ki, har takalmin na tuna, ja ne. Allah ya ba maigidanki lafiya, ya ba ki juriyar jinya.

Gaisuwar da kika aiko wa uwargida ba ta samu mai karɓa ba. Ta rasu bara, ƙarshen damina. Ba mu samu haihuwa ba, saboda haka ni kaɗai ne a gidan ma'aikata, ɗaki biyu, ɗaya a kulle. Ina lafiya. Ina zuwa aiki.

Aikin nawa ƙidayar ƙwari ne, kada ki ɗauka wani babba ne ni. Muna da fili uku. Iri ɗaya, taki ɗaya, ƙasa ɗaya, ranar shuka ce kawai ta raba su. Na farko ana shuka shi da ruwa ya kama ƙasa, na biyu bayan sati biyu, na uku bayan wata guda. Kowace safiya nakan shiga da littafi da gilashi mai ƙara girman abu. In zaɓi tushe biyar a kowane layi, in juya ganye uku a kowanne, na sama da na tsakiya da na ƙasa, in ƙirga abin da ke maƙale a baya. Shekara goma sha tara ina wannan. Ranar da aka kai uwargida ma sai da na fara ƙirgawa a raina, mutum nawa ne a sahun gaba.

Masu damun ki iri uku ne, duka ruwan ganye suke tsotsa. Akwai ƙanana masu taruwa kamar kwarkwata, su ke zubar da danƙon nan da manoma ke kira darɓa. Akwai farin ƙuda, ƙarami kamar garin alli, wanda in kin girgiza reshe yake tashi. Akwai wani kore mai tsalle a kaikaice, shi ke ƙona bakin ganye.

Su ma suna da masu cin su. Jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigo baƙi a baya, shi da 'ya'yansa, yini suke suna cin masu darɓa. Haka gizo-gizo, da wani kore mai fiffike kamar raga. Mu abokan manomi muke ce musu. Duk wanda ya samu waɗannan a gonarsa ya samu 'yan ƙwadago da ba sa neman abincin rana.

Abin da zai ba ki mamaki, a shekara huɗu da muka yi muna gwajin nan, fili na uku, wato shukar baya, shi ya fi kowanne yawan abokan nan, wani lokaci har ninki uku. In kin shiga da safe sai ki ga ganye ja-ja da su.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya jiƙan uwargida, ya haskaka kabarinta. Ka yafe mini, ban ji ba, babu wanda ya faɗa mana. Da na karanta wurin na ajiye takardar na je na juya maigida, don lokacin juyi ya yi, sannan na dawo na ƙarasa. Ban san abin da zan ce maka ba da ya wuce Allah ya ba da haƙuri.

Mu muna nan yadda ka sani. Ƙafarsa ta ɗan fara motsi, hannun dai shiru.

Na gode da bayani. Ko hannu ba ka sa ba a ƙarshe, na ce ma'aikata ke nan, kullum cikin sauri. Amma na fahimta: shukar baya ce mai 'yan ƙwadagon kyauta. Ni da ba ni da mai taya ni, su nake so. Zan jira wata guda.

Ruwa ya sauka shekaranjiya, mai yawa, har ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Da gari ya waye maigida ya hana ni sakat. Ya ɗauki kofinsa da hannun hagu yana buga ƙarfen gado, yana kallon bayan ƙofa. Na ba shi ruwa, ya ture. Na kawo tasar fitsari, ya ture. Sai na ɗauko takardarka na karanta masa, na ce, “Ka ji, ɗan'uwana ne, masanin abin ne, ya ce a jira.” Ya ce, “To, to, to,” da ƙarfi, har miyau na zuba. Na ce, “Madalla da ka yarda.” Daga nan ya juya fuska bango, bai ci abincin rana ba.

Wansa ya zo da yamma, ƙafa duk laka. Ya ce, “Kowa ya fita shuka, ke me kike jira?” Na ce ilimi nake bi. Ya ce, “Ilimin wa?” Na ce na yayana. Ya ce tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa jin ina da yaya ba. Na ce ai ni ma kwanan nan na tuna. Ya tsaya yana kallon ƙaninsa a kwance, ya daɗe, sannan ya ce in bana ta lalace, baɗi babu sauran magana. Na ce na ji.

Idan akwai abin da na manta, ka faɗa wa direba ko da baki ne.

Ƙanwarka.

*

Yaya,

Gaisuwa. Ban ji daga gare ka ba, ina fata lafiya. An ce motar direba ta lalace a hanya, ban sani ba ko takardata ta same ka. Wannan ƙaninsa na ba wa.

Na shuka. Da wata ya cika ruwa ya ɗauke na kwana takwas, don haka sai da na ƙara sati. Ni da mata biyu maƙwabta muka yi, kwana uku. Ta tsiro, layi-layi, babu laifi. Ta maƙwabta ta kai gwiwa, tawa ganye huɗu. Masu wucewa sukan tsaya su duba su wuce. Ba ya damuna. Kwanakin nan babu abin da ke damuna sosai, ko daɗin abinci ba na ji, ci kawai nake.

Maigida ya daina buga kofi.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Ina fata wannan ta same ki da wuri. Lafiyata ƙalau. Yaya mai jiki?

Takardunki biyu tare suka zo, jiya. Na karanta ta farko a tsaye a bakin fili. Da na kai inda kika ce ban sa hannu ba, sai na buɗe littafin ƙidayata na bi shafi-shafi. Na samu wata takarda a tsakiya, a ninke. Wasiƙar da na aiko miki takarda biyu ce. Ɗaya na sa a ambulan. Ta biyun sati bakwai tana yawo da ni a gona.

Ga ta na haɗo miki, amma bari in sake faɗa a nan. Abokan manomi sun fi yawa a shukar baya ne saboda a nan abincinsu ya fi yawa. Ba su ke fara zuwa ba. Masu tsotsa ke fara zuwa su cika gona, sannan masu cin su su biyo baya, kuma kafin su iso an riga an yi ɓarna. Shukar farko takan yi ƙarfi, ganyenta ya yi kauri, ta ɗaura 'ya'ya kafin ƙwarin su yi yawa. Idan gonakin farko suka tsufa, ƙwarin sai su tashi su nemi ganye mai taushi. Duk unguwarku gonarki ce kaɗai za ta kasance mai taushi. Abin da na rubuta a layin farko na takarda ta biyu shi ne: ki shuka da ruwa ya kama ƙasa, kada ki ƙara kwana.

Tambaya ɗaya kika yi mini. Amsarta layi ɗaya ce. Na cika shafi guda da labarin aikina don na daɗe ban samu wanda ya tambaye ni komai ba. Tun rasuwar uwargida nake irin wannan. Na taɓa barin shayi a wuta har butar ta ƙone, na taɓa zuwa aiki ranar hutu na ƙirga fili biyu kafin in lura babu kowa. Ba uzuri nake kawowa ba, faɗa miki kawai nake.

Yanzu ga abin da ya rage. Kada ki yi feshi da kin ga darɓa ta fara. Maganin yakan kashe jan ƙwaro da gizo-gizo kafin ya kashe farin ƙuda, shi kuma farin ƙuda a bayan ganye yake ɓuya, ya dawo ya tarar babu mai cin sa. Ki juya ganye kowace safiya. Idan kin ga jan ƙwaro ko 'ya'yansa, baƙaƙe ne dogaye masu ɗigon ruwan lemo, ki ba su sati guda. Ki rage taki, yawansa na ƙara wa ganye taushi. Ba za ki samu ta bara ba, amma za ki samu wani abu.

Ki yafe mini.

Yayanki, na sa hannu wannan karon.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Maigida yana iya zama yanzu idan an jingina shi da matashi biyu.

Takardarka ta zo ranar Laraba. An riga an yi feshi tun Asabar ɗin da ta gabace ta.

Darɓa ta fara ne kamar yadda ka ce, bayan gonakin maƙwabta sun fara fure. Cikin kwana biyar ganye ya nannaɗe, in ka bi layi zaninka sai ya manne da ƙafa. Jan ƙwaron ya zo, na gan shi da idona, ja-ja kamar yadda ka rubuta. Har na ce a raina ga 'yan ƙwadagona sun iso. Baƙaƙen dogayen nan kuwa ban san 'ya'yansa ba ne, murtsuke su nake yi da yatsa.

Wan maigida ya zo ya tsaya bakin gona ya ce ba zai iya kallon gonar ƙaninsa tana mutuwa ba. Ya goyo tankinsa na feshi, da maganinsa, bai nemi komai a wajena ba. Ba mugunta ya yi ba, Yaya, har gumi yana shiga masa ido. Ni na riƙa ɗebo masa ruwa. Washegari na tarar da jan ƙwaro a ƙasa tsakanin kunyoyi, sun juya ciki sama, kamar an watsa jan wake. Yau kwana tara ke nan. In na taɓa reshe farin ƙuda ke tashi kamar hayaƙi, yana shiga hanci. Danƙon ya fara yin baƙi.

Na karanta takarda ta biyu sau ɗaya na sa ta ƙarƙashin katifa.

Akwai abin da na gane bayan na karanta ta. Safiyar nan da maigida yake buga kofi yana kallon bayan ƙofa, buhun iri yake kallo. Cewa yake a fita. Ni kuma na tsaya a kansa ina karanta masa takardar wani, ina ce masa madalla. Na shiga na zauna bakin gadon na ce, “Ashe shuka kake cewa a yi ran nan?” Ya dube ni. Ko kalmar tasa ɗin bai ba ni ba. Na jira in ji ko zan yi kuka, bai zo ba, sai na tashi na ɗora ruwan wankansa.

Ka ce in yafe maka. Na nemi haushinka a raina ban samu ba. Ba wai kirki ne ya yi mini yawa ba, wurin ne babu komai. In ya zo daga baya zan faɗa maka.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Gaisuwa, da sannu da jinya. Ina nan lafiya.

Mun gama ƙidayar bana. Fili na farko ya yi kyau, na biyu dama-dama, na uku ya yi kamar naki. Da ma don ya lalace muke shuka shi, mu rubuta yadda ya lalace. Shugabanmu ya ce sakamakon ya fito sarai, ya ji daɗi. Ni aka sa in tsara lambobin. Ina cike layin fili na uku ina tuna cewa wani wuri akwai wadda tata gonar ke nan gaba ɗaya.

Ina da hutun sati biyu da ban taɓa ɗauka ba. Zan iya zuwa lokacin cira. Hannuna ba na manomi ba ne, amma zan iya ɗaukar buhu. Zan kuma iya zama da wan maigidanki in gaya masa laifin nawa ne, in nuna masa takardar. Wataƙila ya ba ki wata shekarar. Ki faɗa mini in zo ko kada in zo.

Yayanki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ka buɗe ɗakin nan da ka kulle ko don iska ta shiga, kaya na lalacewa.

Takardarka ta same ni na riga na gama cira, don babu abin da zai ɗauki lokaci. Inda muka saba yin sati uku, kwana huɗu na yi ni kaɗai. Buhu biyu da rabi. Ba fara ba ce, toka-toka ce, tana manne wa hannu. Mai saye ya cusa hannu ya zaro, ya goge a rigarsa, ya ce injin gurza ba zai karɓi wannan ba. Na dawo da ita gida a kan amalanken maƙwabci.

Kada ka ɓata hutunka a kan maganar gona. An gama ta. Wan maigida ya zo ranar Juma'a da ƙannensu biyu, suka zauna a tsakar gida. Ban bari sun wahala ba, na ce mun yi alkawari, ya sa masararsa. Shi ne ma ya kasa kallona. Da za su tafi ya dawo shi kaɗai ya ce ya bar mini gefen rijiya, kunya goma sha biyu, in shuka abin da na ga dama. Na ce na gode. In kana so ka zo don zumunci, ka zo, akwai ɗaki. Sai dai ba ni da hira sosai yanzu, kai ma na ga alama haka, sai mu zauna.

Buhunan suna ɗakinmu don ɗakin ajiya na yoyo. Shekaranjiya ina shara sai na ga maigida ya miƙa hannun hagu yana jan bakin buhu. Na ɗebo masa cikin tafi na sa masa a cinya. Na zaci zai jefar. Ya jujjuya ta, ya kai hanci, ya daɗe. Sannan ya danne ta da mataccen hannun, ya sa yatsun hagu yana tsinke zaren har ya fitar da angurya ɗaya. Ya ɗora ta a kan bargo. Ya shiga neman ta biyu.

Na kawo masa kwano. Tun ranar abin da yake yi ke nan, daga karyawa har la'asar. Yakan ɗauki lokaci mai tsawo a kan ƙwaya ɗaya, wani sa'in ta suɓuce ta shige ƙarƙashin gado, ya jira in zo in ɗauko. Masu ƙwari da ƙanana yana ware su gefe. Na dube su da kyau, Yaya, yawancinsu ba su cika ba, in ka matsa sai su lotsa. Ban gaya masa ba. Kai ma ba tambayarka nake ko za su tsiro ba, kada ka rubuto mini amsa.

Jiya ya cinye abincinsa duka, har ya miƙo kwano a ƙara. Yanzu haka da nake rubutun nan yana gefena yana yi. Audugar cinyarsa ta kusa ƙarewa, bari in tashi in ɗebo masa wata.

Ƙanwarka.